Wata goma da sayen mota, har ta fita a raina: in sayar ko in riƙe?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ga ta a taƙaice. Wata goma da suka wuce ya sayi Toyota Highlander ƙirar 2022 a kan Naira miliyan 60, an shigo da ita daga Amurka ba ta yi wata tafiyar kirki ba. Lafiyarta ƙalau, ko fulogi bai taɓa canzawa ba. Damuwarsa shan mai, sannan ya ce ta ɗan fita a ransa. Wani dillali ya taya ta miliyan 53, ya kuma nuna masa RAV4 sa'arta da ba a yi wa lamba ba a kan miliyan 48, ya ce a yi musaya a ba shi cikon miliyan biyar. Yana tafiyar kusan kilomita 1,500 a wata, iyalinsa mutum bakwai. Ya sallama ko ya ce albarka?

Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Kafin komai ya kamata ka san wanda yake ba ka amsa. Ni ma dillalin mota ne, shekara 20 da ɗoriya ina ci daga wannan sana'a, kuma tuwonmu yana fitowa ne daga mutanen da motarsu ta fita a ransu. Wanda ya riƙe abarsa shekara takwas ba ya amfana mana komai sai gaisuwa. Don haka in ka ji na ce kada ka karɓi wannan musayar, ka san ba aljihuna nake karewa ba.

Ka ce albarka. Ban ce kada ka taɓa sayar da motar ba, wannan magana ce daban kuma zan zo kanta. Musayar da aka kawo maka ce ba ta yi ba.

Mu fara da miliyan 60 ɗin da ka biya, don na san ita ce take yi maka yawo a ka. Ka ajiye ta gefe. Ko ka sayar ko ka riƙe, kuɗin nan sun tafi. Akwai masu ƙin rabuwa da motar da ta zame musu ƙarfen ƙafa saboda "ai miliyan kaza na saye ta", akwai kuma masu rawar jikin sayarwa wai kafin ta ƙara faɗuwa. Dukansu suna lissafi da kuɗin da suka riga suka bar hannunsu. Kai ka fi ni sanin wannan, dilar atamfar da ka saro bara farashin yau take bi, mai saye ba ruwansa da nawa ta zo maka.

Abin lissafawa shi ne me ke hannunka yau, me zai kasance a hannunka gobe da safe in an yi musayar. Yau kana da motar da aka taya miliyan 53, wato da ka ce ka sallama, kafin la'asar kuɗin suna asusunka. Gobe kana da RAV4 da cikon miliyan biyar. Daga cikon nan za ka yi lamba da takardu, ka juye baƙin mai da man giya tunda ba ka san yaushe aka yi na ƙarshe ba, watakila batir, watakila tayoyi huɗu, ga la'adar wanda ya haɗa cinikin, ga na yaran fili. Mu ce miliyan ɗaya da rabi, kuma na sassauta. Saura uku da rabi. To RAV4 ɗin fa, in ka mayar wa dillalin nan ita bayan mako guda da lamba a jikinta, nawa zai taya? Ba zai ce 48 ba. Zai shafa gemu, ya zagaya ta sau biyu, ya ce ai yanzu ta zama ta hannu, ya tsaya wajen 43. Ka haɗa 43 da uku da rabi, ka samu 46 da rabi. Jiya kana da 53. Miliyan shida da rabi sun narke tsakanin azahar da la'asar, ba ka yi haɗari ba, ba a yi maka sata ba.

In sake faɗa maka da yaren Kwari. An sayi taka a farashin sari, an sayar maka da tasu a farashin ɗaiɗai. In aka auna motocin biyu da mudu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ta kai miliyan goma, kai kuma biyar aka miƙo maka. Ba zalunci ba ne, haka sana'ar take. Dillali zai ajiye motarka a fili wata biyu ko uku, ya biya mai gadi, ya wanke ta kullum, kuɗinsa suna kwance, kuma tana iya yin kwantai. Amma kai ne mai biyan wannan duka. In kana shakka, ka tura ƙaninka filin da ba a san shi ba ya tambayi kuɗin Highlander irin taka mai lamba, ya dawo ya faɗa maka. Zai ji 57 ko 58.

Maganar lamba tana ba mutane mamaki, amma haka kasuwarmu take tun da na san ta. Mota ko ta yi shekara biyar a titin Amurka, muddin ba a ɗaura mata lambar Najeriya ba, sunanta tokumbo ko Beljiyam, ana yi mata kallon amarya. Ranar da ta sha lamba ta zama ta gida. Mai saye yana tsoron abin da hanyoyinmu da man fetur ɗinmu da bakanikenmu suka yi mata, kuma tsoronsa yana da dalili. Wannan faɗuwar sau ɗaya take samun kowace mota a hannun wanda ya fara yi mata lamba. Kai ka riga ka sha ta a kan Highlander, ita ce mafi yawan miliyan bakwai ɗin da ke tsakanin 60 da 53. In ka riƙe motar shekara biyar, faɗuwar ta baje a kan shekara biyar. In ka canza yanzu, ka sha ta a wata goma, sannan ka je ka sake shan wata sabuwa a kan RAV4.

Yanzu man fetur, wanda ka ce shi ne ciwon. Na yarda yana ciwo. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce an cire tallafi, lita ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Duk mai injin silinda shida ya ji a jikinsa. Amma jin zafi a gidan mai daban, lissafi daban. Motarka injinta lita 3.5 ne, a cikin gari da sanyi a kunne mu ce tana shan lita 14 a kilomita 100. RAV4 mai silinda huɗu, lita 2.5, mu ce lita 10. A kilomita 1,500 taka ta sha lita 210, waccan 150. Bambanci lita 60 a wata. In muka sa lita a Naira 900, kai ka gyara da farashin ranar da kake karantawa, Naira 54,000 ke nan a wata, 648,000 a shekara. Ka raba miliyan shida da rabi da wannan. Shekara goma cif kafin rangwamen mai ya biya ka abin da musayar ta cinye. In kana cikin 'yan ƙalilan masu yin cikakkiyar inshora, wadda tun Janairun 2023 aka ce kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, ƙaramar motar za ta rage maka kusan rabin miliyan a shekara, sai shekarun su sauko kusa da shida. Har yanzu da nisa, musamman ga mutumin da wata goma ya ishe shi gajiya da mota.

Kuma kafin ka yanke mata hukunci, ka tabbata shan da kake zargi gaskiya ne. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ƙaramar mita sifili, ka yi harkokinka na mako guda, ka koma famfon nan dai ka sake cikawa, ka rubuta lita nawa ta ɗauka da tafiyar da ka yi. Ka lura da abu guda da ya ruɗi mutane da yawa a gabana: motar Amurka mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mutum ya ga 200 a mita ya ce tanki ya kusa ƙarewa a kilomita 200, alhali 320 ya yi. Na taɓa ganin wanda ya kusa sayar da mota lafiyayya a kan wannan kaɗai.

In ka auna ka ga da gaske ta wuce ƙa'ida, to akwai inda ake dubawa, kuma duk kuɗinsu bai kai kuɗin taya biyu ba. Bakanikenmu da yawa, da zarar mota ta shigo hannunsu, sai su cire abin nan da ke riƙe ruwan inji har ya ɗau zafin da ya dace, su haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafinsa ba kwamfutarsa tana ta ƙara masa mai tana zaton har yanzu safiya ce. Haka baƙin mai. A murfin injinka an rubuta 0W-20, in ana zuba maka mai kauri 20W-50 irin na tsohuwar Fijo, injin yana wahala kuma yana ramawa a tanki. Sai matatar iska, wadda hunturu ɗaya a Kano ya isa ya toshe ta. Sai iskar taya, ka daina barin mai faci yana aunawa da bugun ƙafa. Sai indomi, abin nan da ke cikin salansa, wanda ake cirewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Ka sa a ɗaga motar ka ga ko taka tana nan, ka sa a jona mata kwamfuta a ga ko na'urar auna hayaƙi tana aiki. Sannan wanda ba na inji ba: motar da ake bari a kunne da sanyi minti arba'in a ƙofar makarantar yara ko a cunkoson Singa, mita ba ta motsi amma tanki yana sauka. In direba ne ke jan ta, ka ja ta da kanka mako guda ka kwatanta. Ban ce komai a kan kowa ba.

Za a ce maka ka mayar da ita mai amfani da iskar gas, tunda gwamnati tana ta tallata CNG tun 2023. Ga mai tasi ko mai bas da ke kwana a kan titi kusa da inda ake sayar da gas ɗin, akwai hikima. Ga motarka ban ba ka shawara ba. Tukunyar za ta cinye bayan motar inda kujerun baya suke, wuraren cikawa a Arewa ba su yawaita ba tukuna, kuma duk mai sayen mota mai wannan kuɗi in ya ga an huda ta an ja bututu zai rage tayi.

Akwai wani abin da nake so ka yi hattara da shi, don har yanzu labarinsa yana yawo a majalisu yana ruɗin mutane, wai mota a Najeriya ba ta faɗuwa, kadara ce kamar fili. Asalin maganar 2023 ne. A watan Yunin shekarar aka saki Naira, Dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 700 cikin makonni, farkon 2024 ta wuce 1,500, kuma kwastan suna bin sabon farashin wajen lissafin kuɗin fito. Duk motar da ke ƙasa sai ta ninka a Naira. Ina da wani abokin ciniki, ma'aikaci, da ya sayi Camry kafin wannan rikici, bayan wata tara aka ba shi ribar da bai taɓa mafarki ba, ya sallama yana murna, ya ce zai ɗan jira kasuwa ta sauko ya sayi wadda ta fi ta. Da ya dawo bayan wata biyu, kuɗin da ke hannunsa duka, uwa da riba, ba su sayen irin wadda ya sayar. Ƙarshe ƙaramar da ta girmi tasa da shekara huɗu ya hau. Motar ba ta ƙara daraja ba, Naira ce ta rame. Darasin da ke ciki a gare ka biyu ne: kada ka zauna jiran ranar da za a taya taka sama da 60 ka kira shi riba, kuma in har za ka sayar don ka sayi wata, kada kuɗin su kwana da yawa a hannunka.

Abin da ba ya shiga lissafin alƙalami kuma ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne, motarka ka san ta. Wata goma kana hawa, ka san ba ta zafi, ba ta cin baƙin mai, giyarta ba ta fizga, ta wuce damina ɗaya wuta ba ta yi gardama ba. Wannan sanin kuɗi ne, kuma ba mai biyan ka shi ranar sayarwa. RAV4 ɗin da ke ƙyalli a fili kuwa ba ka san komai a kanta ba sai abin da aka faɗa maka. Babban kaso na motocin Amurka masu ƙananan shekaru da ke shigowa ƙasar nan daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, irin su Copart da IAA, wato motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci su har inshora ta ga gyaransu bai biya ba. Ka tambayi kanka me zai sa Ba'amurke ya rabu da motar shekara biyu lafiya lau a farashin da za a biya jirgi da kwastan a kuma ci riba a Kano. Wasu ƙaramin bugu ne, an gyara da kyau, ba laifi. Wasu kuwa an miƙe ƙashin bayansu da sarƙa, an cusa tsumma inda jakar iska take, an kashe fitilar gargaɗi. Na ruwa su suka fi sharri, don ba a gani. Bayan guguwar Harvey da ta ci Houston a 2017 da Ian da ta ci Florida a 2022, motoci masu ɗimbin yawa sun nutse, kuma ba duka aka murƙushe ba.

Ni da bakina, da duk shekaruna a harkar, an taɓa yi mini. Na ba da motata da na sani ciki da bai, na karɓi wata da ta fi ta ƙuruciya daga hannun wani da ba zan kira suna ba. Wata uku lafiya. Da damina ta sauka sai gilashi ya fara sauka da kansa, yau fitila, gobe makulli ya ƙi ganewa. Da mai gyaran wuta ya ɗaga kafet sai ga busasshen laka da tsatsa a kan kowace mahaɗar waya. Na gudu daga gara na faɗa gidan zago. Tun daga ranar ba na sayen mota sai na ɗauki lambar shasi, mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, na bincika tarihinta a intanet. Sau da yawa har hotunanta na ranar gwanjo za ka gani, da mil ɗin da ta yi kafin a mayar da mita baya. Ka yi wa taka ma wannan binciken, don in ya nuna wani abu, amsata za ta canza.

Haka takardun kwastan. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, amma ba wanda zai ce maka motar Kwatano ta daina shigowa. Wata takardar ta bogi ce, wata ta gaske ce amma an biya kuɗin ƙirar da ta girme ta. Taka ta yi wata goma tana wuce shingaye ba a tsare ta ba. Sabuwar sai ka kai takardunta ofishin kwastan da kanka an duba a kwamfuta kafin ka biya ko sisi.

Sannan, Alhaji, ku bakwai ne. Highlander layi uku gare ta, RAV4 mutum biyar take ɗauka. Ranar Sallah in za a je gida gaishe da su Hajiya, wa za a bari? In amsar ita ce a ɗauki mota biyu, to man da ka yi tsiminsa ya tafi.

To yaushe sayar da mota sabuwa-sabuwa yake zama daidai? Yana zama, kuma na sha ba mutane shawarar su sayar ko da faɗuwa. In bincike ya nuna ta taɓa nutsewa ko an miƙe shasinta, ka rabu da ita tun tana tafiya, amma ka faɗa wa mai saye, don ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma a garin nan magana ba ta ɓuya. In irin motar da kayanta ba su Ƙofar Ruwa ba su Panteka ce, sai an yi odar fitila daga Dubai a jira wata guda, kuma mai iya gyaranta mutum ɗaya ne a Abuja, wannan ma dalili ne, amma Highlander ba ta cikinsu. In hanyar da kake bi ta zama irin wadda babbar mota mai ƙyalli take jawo ido, ba na jayayya da mai tsoron ransa, ko nawa ne a faɗi. In bashi ne a kanta yana hana ka barci, a sayar a biya, sai dai wanda ya karɓa ta bankin Musulunci a tsarin murabaha, wato banki ya saya ya sayar masa da riba, ya fara zuwa ya ji, don farashin an riga an yanke shi tun farko, biya da wuri ba ya rage ribar banki kai tsaye sai abin da suka ga dama suka yafe.

Dalili na ƙarshe shi ne wanda ya shafe ka, kuma kai kaɗai ka san amsarsa. Miliyan 53 suna tsaye a ƙofar gida suna shan rana. In kasuwarka tana neman jari, kana ganin kaya suna wuce ka don ba kuɗi a hannu, to sayarwa tana da ma'ana, amma fa sauka za ka yi sosai, ba matsawa gefe ba. A ce ka sayar 53, ka sayi Corolla mai lafiya a wajen 26, ka kashe ɗaya da rabi a kanta. Miliyan 25 da rabi sun koma shago. Kai ka san sau nawa kuɗi suke juyawa a hannunka a shekara da abin da suke haifarwa. In abin da za su haifar ya rufe faɗuwar cikin shekara ɗaya, ka yi, ka bar masu magana su yi ta yi. Man ma a nan ne za ka ga bambanci na gaske, wajen lita 90 a wata. Sai dai ka tuna Corolla daga ƙirar 2014 zuwa sama yawancinsu giyar CVT gare su, man giyarta daban ne, in aka zuba mata na gama-gari an kashe ta, kuma matsalar kujeru bakwai tana nan sai ka san yadda za ka yi da ita. Wanda ya fi kowanne muni shi ne wanda aka kawo maka: ka ɗauki duk asarar canji, ka rasa layin kujeru, ka karɓi motar da ba ka sani ba, kuma abin da zai shiga shago bai kai kuɗin dila kaɗan ba.

Saura maganar "ta fita a raina", wadda ka sa a ƙarshen tambaya amma ina zargin ita ce ta farko. Ba abin kunya ba ne. Na ga manyan mutane sun sayar da mota don aboki ya ce launinta na mata ne, na ga wanda ya ce tun da ya saye ta kasuwa ta tsaya, wai ba ta karɓe shi ba. Wata na takwas zuwa shekara shi ne lokacin da ɗokin sabuwar mota yake sauka, ƙamshin ya tafi, an daina yi maka Allah ya sanya alheri, ka fara ganin ta wasu a danja. Wannan zai same ka a kan RAV4 ma, a daidai wannan lokaci. In kana da halin biyan miliyan shida da rabi don ranka ya yi daɗi, kuɗinka ne, halal ɗinka ne, ba mai hana ka. Abin da ba na so shi ne ka biya su kana gaya wa kanka tsimin mai kake yi. Ka ba ta wata uku. Ka kai ta a wanke ciki da waje har rufi, a gyara abin da awo ya nuna, ka yi tafiya mai nisa da ita da iyali, zuwa Zariya ko Katsina, inda irin wannan mota take nuna abin da aka saye ta dominsa. Ka yi istihara. In bayan wata uku har yanzu ba ka son ganinta, ba abin da ka rasa, wata uku ba za su rage mata wani abin kirki ba tunda babbar faɗuwar ta riga ta wuce.

In ka tashi sayarwar, ka raba cinikin biyu. Sayarwa daban, saye daban, don a musaya ba ka taɓa sanin a wane ɓangare aka ci ka. Ka fara da mutanenka, a Kwari kaɗai akwai wanda ya san motar, ya san kai ka hau ta, zai ba ka 56 ya ga ya yi arha. Ka tara takardun juyen mai da duk abin da ka yi mata, makulli biyu, takardun kwastan na asali, kuma kada ka bari a taɓa mata fenti ko da akwai ɗan ƙarce, fentin kamfani da tabo ya fi sabon fenti daraja a idon mai saye. In dole sai ta fili, a rubuta farashin da ka yarda da la'adar dillali, a rubuta abin da mita ta nuna da ranar da ka ajiye, don motar da aka bari a fili ba rubutu takan je ɗaurin aure ba da saninka ba. Kada makulli ya bar hannunka don an nuna maka saƙon banki a waya, sai ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna. A yi takardar ciniki da shaidu biyu, a yi canjin mallaka, ka cire na'urar bin sawu in ka sa, sannan ka kwance lambarka ka tafi da ita gida, don da sunanka aka yi mata rajista, duk abin da aka aikata da motar tana ɗauke da ita ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.